Labarin Baƙin Ƙasar Ruma da Safana, da Yadda Suka Zama 'Yan Ƙasa

Ya ku hakimai da dagatai da masu unguwanni, da malaman da ke riƙe da littattafan ƙasa, abin da za a kawo muku a nan labari ne na mutanen da suka taso daga waɗansu wurare suka zauna yammacin ƙasar Katsina, watau ƙasar Batsari ta Sarkin Ruma, da ƙasar Safana ta Yariman Katsina. Dalilin kawo shi kuwa, in rigimar gona ta tashi, ko ta burtali, ko ta mashaya, babu maganar da ta fi saurin fita daga bakin mai ƙara gaban alƙali kamar ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai wannan baƙo ne." Nufinsa a rushe hujjar abokin shari'arsa tun ba a ji ta ba. Saboda haka ya wajaba ga wanda aka ɗora wa nauyin jama'a ya san su wane ne baƙin nan, da lokacin da suka zo, da abin da ya taso su daga garuruwansu, da kuma hanyar da magabata suka bi har suka mai da su 'yan ƙasa.

Ƙasar da ruwanta

Wanda ya fita Birnin Katsina ya nufi yamma, in ya wuce gonakin karkara, sai ya fara ganin duwatsu tsaitsaye nan da can, da ƙoramu masu rairayi, har ya kai bakin babban dajin nan na Rugu wanda ya raba Katsina da Zamfara. Jibiya na arewa, Kurfi da Dutsin-ma na gabas, Ɗanmusa na kudu, Zurmi kuwa na yamma bayan daji. Ruwan ƙasar duk yamma da arewa ya ke gangarawa. Karaɗuwa, wadda aka datse a Zoɓe cikin 1983, ita ke zuba cikin Bunsuru, Bunsuru ya ratsa ya shiga Zamfara ya gamu da Gagare. Gada kuma ta bi ta Jibiya ta ƙetare iyaka, can a ke ce da ita Gulbin Maraɗi, sa'an nan ta karkato ta komo ƙasar Sakkwato. Dukansu a Gulbin Rima su ke taruwa.

Gulaben nan da damina su ke cika, da rani sai rairayi. Amma wanda ya san su ya san ruwan bai tafi ba, in ya tona kamu ɗaya ko biyu sai ya ɓuɓɓugo. Inda ƙorama ta gamu da gulbi nan ne fadama ta ke shimfiɗuwa, ƙasa baƙa mai riƙe laima, ciyawa ɗanya har bazara. Manomi na son wurin nan don rake da lambu, makiyayi na sonsa don shanunsa, falke na sonsa don ya sauke kaya ya shayad da jakuna, ga duwatsu kusa inda za a fake in mahara sun ɓullo. Abin da ya jawo mutane ke nan tun farko, shi ne kuma abin da su ke jayayya a kansa har wa yau.

Baƙin zamanin sarakunan Hausa

Mutanen da aka tarar a gindin duwatsun nan Hausawa ne manoma da mafarauta, masu bin al'adun kakanninsu, irin waɗanda daga baya aka riƙa kira Maguzawa. Sa'ad da Muhammadu Korau ya kafa mulkinsa a Birnin Katsina cikin ƙarni na 15, sai birni ya zama matattarar fatake da malamai. Wangarawa suka zo daga wajen Mali da ciniki da littattafai. Shaihu Magili ya sauka a ƙarshen ƙarnin nan. Barebari suka zo daga gabas, cikin zuriyarsu aka sami Wali Ɗan Masani wanda ya rasu cikin 1667. Abzinawa da Buzayensu kuma ko wace shekara su kan sauko da ayarin raƙuma ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafi.

Baƙin birni ba su kan tsaya cikin ganuwa ba. Malami mai almajirai da yawa gona ya ke bukata, madugu kuma zango ya ke nema inda dabbobinsa za su yi kiwo. Hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Zamfara da Kabi, har ta kai Gwanja inda a ke sayo goro, ta yammacin ƙasar nan ta bi, don haka garuruwa irin su Ruma da Runka da Zakka suka sami masu sauka. Waɗansu Buzaye da aka bari su yi wa iyayengijinsu noma a kudu suka zauna, suka bar harshensu suka kama Hausa, suka shiga fatauci. Daga irinsu ne Agalawa da Tokarawa suka fito, waɗanda suka yi suna wajen safarar goro cikin ƙasashen Katsina da Kano.

Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya gina Alƙalawa. Zamfarawa suka watse kudu da gabas, ko wace ƙungiya na neman inda za ta tsuguna, ƙasar Katsina ta yamma kuwa ita ce maƙwabciyarsu ta kusa. Bayan wannan aka yi shekaru ana gwabzawa tsakanin Gobir da Katsina a kan iyakar nan, zamanin Bawa Jan Gwarzo da magadansa. Ko wane yaƙi ya kan tashi wani gari, ya cika wani.

Filani kuwa sun daɗe cikin ƙasar Hausa, tun ƙarni na 15 a ke da labarinsu. Ba taro ɗaya suka zo ba, dangi dangi ne, ko wane da arɗonsa. Sulluɓawa suka yi ƙarfi a arewa maso yamma wajen Zandam, Alibawa suna hayin daji wajen Zurmi, waɗansu na bin Bunsuru da Karaɗuwa da dukiyarsu. Suna biyan jangali ga sarki, suna ba manomi taki da nono, shi kuma ya bar musu karan gonarsa bayan girbi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, cikin littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 wanda aka buga a Zariya cikin 1981, ya nuna cewa Katsinawa jama'a ce da ta haɗu daga zuwan mutane iri iri, ƙarni bayan ƙarni, har ba shi yiwuwa a raba tarihinsu gida biyu kurum, a ce ga Haɓe ga Filani.

Jihadi da abin da ya biyo baya

Cikin 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, aka soma jihadi. A ƙasar Katsina mutum uku suka shugabanci jama'a, Malam Ummarun Dallaje, da Malam Muhammadu Na Alhaji wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar 'Yanɗaka, da Ummarun Dumyawa shugaban Sulluɓawa. Cikin 1807 birni ya faɗi, Ummarun Dallaje ya zama Sarkin Katsina. Sarakunan dauri suka ja da baya zuwa Ɗankama, aka bi su can aka fashe su. Ɗan Kasawa ya tsira da sauran jama'a zuwa ƙasar Damagaram, daga baya wajen 1819 ya zo ya zauna Maraɗi, a bakin gulbin nan da ya taso daga ƙasarmu.

A nan sai mai karatu ya tsaya ya duba yadda al'amari ya juya. Waɗanda kakanninsu suka yi shekara ɗaruruwa suna sarautar birni sun zama baƙi a bakin dajin Maraɗi, waɗanda a da a ke kira baƙi su ne a gadon sarauta. Talakawan yamma kuwa aka bar su a tsakiya, dangi rabi nan rabi can, Sarkin Katsina na biɗar haraji, Sarkin Katsinan Maraɗi ma na biɗa.

Cikin 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gamu da rundunar Gobir da Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, ya rinjaye su, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda. Ɗan Mari ya gaji Rauda. Ba a daɗe ba sai garuruwan yammacin Katsina da yawa suka yi tawaye suka bi shi. Sarkin Katsina Siddiku ya sami gudummawa ya murƙushe tawayen, sa'an nan ya huce fushinsa a kan garuruwan da suka ba da goyon baya. Aka ƙone, aka kama, wanda ya tsira ya gudu, waɗansu arewa zuwa Maraɗi, waɗansu gabas cikin garuruwa masu ganuwa. Gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Cikin 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiku, amma tuɓewar ba ta mai da mutane gidajensu ba.

Wannan shi ne abin da ya kamata ko wane ma'aikaci ya riƙe game da Dajin Rugu. Wani sashe babba nasa ƙasa ce da aka taɓa nomawa, hannun mutum ne ya mai da ita daji. Shi ya sa mafarauta da makiyaya su kan tarad da kufai a cikinsa, da alamun ganuwa, da tsofaffin rijiyoyi da marina, da kukoki jere inda kasuwa ta taɓa ci.

Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato cikin watan Maris 1853. Ayarinsu bai iya bin hanyar da ta miƙe ba don tsoron Gobirawa da Maraɗawa, sai suka kewayo ta Kuraye da Kurfi suka sauka Zakka, daga nan suka ratsa daji cikin sauri da fargaba, suna wuce kufan garuruwa, har suka fita wajen Zurmi. Birnin Katsina kansa, mai ganuwar da ta kai mil 13 kewaye, ya ƙiyasta mutanensa ba su wuce dubu 7 ko 8 ba a lokacin.

Haka aka zauna har ƙarshen ƙarni. Ɗan Baskore ya yi ta kawo hari daga Maraɗi, bayansa Ƙaura Hasau, duk ta dajin nan su ke bi su ɓulla kudu. Garuruwan bakin daji suka zama ribaɗi, watau mazaunin masu tsaron iyaka, ana tara musu mayaƙa daga ko ina, ɗa da bawa, Bahaushe da Bafilace da Babarbare, wanda duk ya iya riƙe baka ko mashi an ba shi wurin gida da gona. Irin wannan zamani ne ya haifi jarumai kamar Ɗanwaire, wanda sunansa ke haɗe da Ruma. Akwai kuma baƙin da ba su zo da son ransu ba, bayin da aka kamo daga kudu aka zuba cikin rumada suna noma. Wajen 1890 kuma annobar shanu ta share garkunan Filani, har da yawa cikinsu suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya, suka zauna kusa da garuruwa.

Zuwan Turawa da komowar mutane

Cikin 1903, bayan an ci Kano da Sakkwato, Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a kan iyaka cikin 1904 da 1906, aka bi aka kafa alamu, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila. Cikin 1906 aka ba Durɓi Muhammadu Dikko sarauta, shi kuwa Basulluɓe ne, gidansa ne ke riƙe da Katsina har yanzu. A zamaninsa aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka umurci hakimai su bar birni su zauna cikin talakawansu, aka kafa baitulmali, aka yanka wa ma'aikata albashi.

Da hari ya ƙare sai mutane suka fito daga bayan ganuwa. Jikokin waɗanda suka gudu Maraɗi suka soma komowa suna neman kufan kakanninsu. Masu ƙarancin gona a karkarar birni suka yiwo yamma inda ƙasa ke kwance ba mai nomawa. Bayi kuma hanya ta buɗe musu, gama doka ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, manya kuwa suna fansar kansu gaban alƙali a ba su takarda, har cikin 1936 aka soke bauta ɗungum. Da yawa cikinsu suka bar rinji suka sari daji, suka kafa ƙauyukansu.

Daga arewa ma aka yi ta kwararowa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ke kira Kakalaba, ta koro mutanen Damargu da Adar da Damagaram. Cikin 1916 Kawusan ya kewaye Faransawa a Agadas, da aka karya shi cikin 1917 sai ramuwar gayya ta faɗa wa Abzinawa, suka gudo kudu da iyalansu zuwa ƙasashen Katsina da Kano. Bayan wannan ga nauyin harajin Faransa, ga ɗibar soja, ga aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946. Mutum ya kan kwana talakan Faransa, ya wayi gari ya ƙetaro da jakinsa da matarsa, ya zo ya faɗi gaban dagaci. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya kai Ƙaurar Namoda cikin 1929, gyaɗa da auduga suka yi kuɗi, sai 'yan cin rani da 'yan ƙodago suka ƙaru, Nufawa da Yarbawa da Ibo suka shigo kasuwannin lardi da awo da ɗinki da tireda. Farin 1973 da na 1984 su ma sun kawo nasu rabon, Buzaye da Filanin arewa waɗanda dabbobinsu suka ƙare.

Saboda haka yawancin ƙauyukan da ke bakin daji yanzu ba su girmi zamanin Sarki Dikko ba, ko da ya ke waɗansu a kan tsofaffin kufai aka sake gina su. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 200,000 a ƙaramar hukumar Batsari, fiye da 180,000 a ta Safana, a ƙasar da Abdulkarimu ya ratsa yana sauri don kada dare ya same shi. Ko amfanin gonar da a ke taƙama da shi, rogo da dankali da gyaɗa da masara, asalinsu daga ƙasashen Amurka ne, jiragen ruwan Turawa suka kawo irinsu bakin teku, suka biyo hannun fatake har suka iso nan.

Yadda a ke saukar da baƙo

Magabata suna da tsari a kan wannan, ba su bar shi ga sa'a ba. Baƙo ba ya kan sauka a daji shi kaɗai. Sai ya nemi mai masauki, mai masauki ya kai shi ga mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ga dagaci. A tambaye shi garinsu, da sana'arsa, da abin da ya fito da shi. In an yarda da shi, sai a nuna masa saura ko daji a ce ya sara, a kafa masa iyaka gaban shaidu, da itace ko gamba ko jan kunya. Shi kuma ya kai gaisuwa, da kaka ya kai dami. Sau da yawa a kan ɗaga masa haraji har ya ci amfanin farko, sa'an nan malamin haraji ya sa sunansa cikin littafi. Daga ran da sunansa ya shiga littafin nan ya zama talakan Sarkin Katsina, abin da ke kan kowa yana kansa, abin da kowa ke da shi yana da shi.

Sarakuna kuwa murna su ke yi da baƙo, domin darajar hakimi da ta dagaci da yawan mutanensa a ke auna ta. Dagacin da mutane ke tashi daga ƙasarsa shi a ke tuhuma, wanda a ke tasowa a zo wurinsa shi a ke yabo. Makiyayi ma da nasa tsari, arɗo ya gabatad da shi, a nuna masa mashaya da burtalin da zai bi, a ƙidaya shanunsa ya biya jangali, in dabbarsa ta yi ɓarna a kira dattawa su kimanta ya biya.

Sauran aikin kuwa zaman tare ne ke yinsa. Baƙo ya haƙa rijiya kowa ya sha, ya ba da 'yarsa ya auri ta maƙwabci, ya binne iyayensa a maƙabartar gari. Jikansa ba ya jin harshen kakansa, sai tsagar fuska ta nuna asali, ita ma yanzu an daina. Abin da ya rage sai sunayen wurare, inda ka ji Zango ka san fatake ko Buzaye ne suka fara sauka, Ruga ta Filani ce, Unguwar Barebari da Gobirawa sun faɗi kansu, Sabon Gari da Tudun Wada na waɗanda suka zo daga baya ne. Sai kuma wasan da ke tsakanin Filani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Katsinawa da Nufawa, wanda ke sa mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba su fara da dariya. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, watau kwana zai yi ya wuce. A ƙasar nan dai raɓar ta sauka ta jiƙa ƙasa, ba ta tashi ba.

Inda tsarin ya soma kwancewa

Muddin daji na da faɗi, tsarin nan na tafiya. Da mutane suka yi yawa sai aka soma ƙuntata. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya cikin 1965, makiyayar Ruma da Kukar Jangarai kuwa na cikin na farko da aka keɓe, aka yi mata madatsun ruwa da wuraren allurar shanu. Amma cikin 1968 aka ɗauke kotunan alƙalai daga hannun En'e, cikin 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e kanta, cikin 1978 dokar ƙasa ta mai da ikon filaye ga gwamna da ƙaramar hukuma. Dagaci ya rage da sanin iyakar ko wace gona, ikon tsare ta kuwa ya koma wani wuri. Jangali da haraji da aka soke sun sauƙaƙa wa talaka, amma tare da su littafin da ke ƙidaya kowa ko wace shekara ya tafi. Madatsu suka cike ba a yashe ba, gonaki suka ci burtali, masu hali suka yanki makiyaya.

Abin da ya biyo baya kun san shi fiye da mai rubutu, gama a ƙofar gidajenku a ke ajiye gawa. Satar shanu ta yi yawa, wanda aka yi wa ɓarna ko sata ya kai ƙara bai ga gaskiya ba, 'yan sa kai suka shiga kashe mutum saboda kamanninsa, bindigogi suka shigo ta hamada bayan faɗuwar gwamnatin Libiya cikin 2011, ɓarayin daji suka mai da satar mutane sana'a. Cikin Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙasar Batsari a dare ɗaya. Cikin Satumba 2021 aka yanke wayar tarho a ƙananan hukumomin bakin daji, har da Batsari da Safana, aka hana cinikin shanu a kasuwanninsu. Ƙauyuka suka tashi, waɗansu suka cika makarantu da kangaye a Batsari da Birnin Katsina, waɗansu suka ƙetare zuwa ƙasar Maraɗi, ta hanyar nan da kakanninsu suka bi zamanin Siddiku. Hausawa sun rasa gonaki da rayuka, Filanin da ba su ɗauki makami ba sun rasa shanu ga ɓarayi, sa'an nan sun rasa shiga kasuwa don tsoron 'yan gari.

Abin da tarihin ke nema gare ku

Na farko, in aka ce muku wane baƙo ne, ku tambayi shekarar da kakan mai faɗin ya zo. Sau da yawa za ku tarar tsakaninsu bai fi shekara ashirin ko talatin ba, wani lokaci ma wanda a ke kira baƙon shi ya riga zuwa. Shari'a ba ta san ɗan asali ba wajen mallakar gona, abin da ta sani shi ne wanda ya raya mataccen wuri da izni, da wanda ya gada, da wanda ya saya, da wanda aka ba kyauta, da wanda aka ba aro ko jingina. Rikicin da ya fi yawa daga na ƙarshen nan ya ke fitowa, aron da aka yi da baki shekara hamsin da suka wuce, shaidu duk sun mutu. Don haka ko wane aro da jingina a rubuta shi, a sa iyaka da shekara da sunayen shaidu, dagaci ya ajiye ɗaya, ofishin hakimi ya ajiye ɗaya.

Na biyu, burtali da mashaya da makiyaya haƙƙi ne tsoho, sun girmi gonaki da yawa da ke kansu yanzu. Akwai tsofaffi a ko wace gunduma, Hausawa da Filani, da suka san inda ko wane ya bi. A zauna da su tun suna da rai, a rubuta abin da suka sani, da sunayen kufai da waɗanda suka tashi daga cikinsu.

Na uku, mai laifi a kira shi da sunansa da na ubansa, kada a kira shi da sunan kabilarsa. Siddiku ya hukunta ƙasa guda saboda laifin waɗansu, abin da ya samu shi ne dajin da mahara suka yi shekara sittin suna ɓuya a ciki, ga shi kuma ya sake zama maɓoya a zamaninmu. Garin da aka tasa ba ya zama wofi, wanda ya fi mutanensa mugunta shi ke gaje shi.

Na huɗu, waɗanda suka gudu za su komo in ƙura ta lafa, kamar yadda aka komo bayan 1903, za su kuwa tarar waɗansu sun shiga gonakinsu, iyakoki sun ɓace cikin ciyawa. Ranar nan aikinku zai fi na kowa nauyi. Wanda ya tanadi rubutu da shaidu tun yanzu zai raba gardama cikin yini ɗaya, wanda bai tanada ba zai bar wa 'ya'yansa gaba. Waɗanda kuma suka zo gudun hijira garuruwanku, ku sauke su yadda aka sauke kakanninku, a san mai masaukinsu, a rubuta sunansu, a ba su inda za su noma ko da aro ne.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka sari dajin nan suka mai da shi gari, da waɗanda suka riƙe littattafansa da gaskiya. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunad da ƙasar Ruma da Safana lafiya, ya mai da kowa ɗakinsa. Amin.